Bel a Motar Haya: Wa Ke da Alhaki Idan Kujerar Mutum Huɗu Ta Ɗauki Shida?

Idan motar da ke tahowa daga gaba ta haska fitila sau biyu da rana tsaka, duk direban haya a hanyar Bauchi zuwa Jos ya san saƙon: jami'an kiyaye haɗurra na gaba. Nan take zai miƙa hannu ya jawo bel, ya ratayo shi a ƙirji, ya danne bakinsa da cinya ba tare da ya sa shi a makulli ba. Sai ya dubi gidan gaba ya ce, "Malam, don Allah ɗan ja naka." To su biyu ne a kujerar. Na bakin ƙofa shi zai ja ya riƙe da hannu, na tsakiya kuwa, wanda rabin mazauninsa ke kan birkin hannu, babu abin da zai ja, sai dai ya ƙura wa titi ido. Da an wuce shingen, bel ya koma inda ya fito.

Masu magana a kan wannan ɗabi'a sun fi ɗora laifin a kan taurin kan direbobi. Akwai taurin kan, ba musu. Amma idan aka tsaya nan, an bar jaki ana dukan taiki. Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce: wa ke yanke shawarar mutum nawa za su shiga motar, wa ke da ikon gyara bel ɗin da ya lalace, kuma shin su ne ake tsarewa a hanya?

Doka dai ba ta bar wurin kokwanto ba. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, a 1988 zamanin mulkin Janar Babangida, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko. Daga ranar 1 ga Janairun 2003 ta fara tilasta wa direba da na gidan gaba ɗaura bel. Dokar hukumar ta 2007 ta sa tuƙa motar da ba ta da bel, ko tana da shi ba a ɗaura ba, cikin jerin laifuffuka. Ƙa'idojin zirga-zirga na 2012 suka ƙara faɗaɗa abin: bel a kujerun gaba da na baya, kuma kowa ya ɗaura muddin mota na tafiya. Game da yara ƙanana, nauyin a wuyan direba aka ɗora shi kai tsaye. A jadawalin tarar da aka daɗe ana aiki da shi, rashin ɗaura bel naira 2,000 ne, lodin da ya wuce ƙa'ida kuma naira 10,000. Direban tasi da na motar gida duk ɗaya ne a nan, babu wanda aka ɗauke wa.

Wannan rashin bambancin abin lura ne, domin ba ko'ina haka yake ba. A Birtaniya, inda aka wajabta bel a gidan gaba tun 1983, a gidan baya ga manya kuma 1991, an yafe wa direban tasi mai lasisi ɗaurawa lokacin da yake neman fasinja ko yake ɗauke da shi. Dalilin da aka saba bayarwa shi ne tsaron lafiyarsa: mugun fasinja na iya cafko bel ta baya ya shaƙe shi da shi, ko ya hana shi tsira. Sannan a can, fasinjan da ya kai shekara 14 shi ke ɗaukar laifin kansa idan ya ƙi ɗaurawa, direba na amsa tambaya ne a kan yaran da ba su kai haka ba. A wurinmu kuwa, a aikace, ko wane ne ya ƙi ɗaurawa, lasisin direba ake karɓa, sunansa ake rubutawa a takardar tara. Alhajin da ya ce shi bai saba ba zai zauna a mota yana duba agogo, direba na bakin titi yana magiya.

Kafin a shiga rabon alhaki, ya kamata a san abin da bel ke yi, don da yawa daga masu tuƙi sun ɗauke shi kamar wata takarda ce da ake nuna wa hukuma. Bel mai maɗauri uku da muke gani yau, injiniyan kamfanin Volvo ne mai suna Nils Bohlin ya ƙera shi a Suwidin a 1959, kamfanin kuma ya bar wa kowa ya kwaikwaya kyauta. Hikimar mai sauƙi ce. Idan mota ta daki wani abu ta tsaya cak, jikin mutum bai san ta tsaya ba, zai ci gaba da tafiya da gudun da yake yi har sai wani abu ya tare shi: sitiyari, gilashi, bayan kujera, ko kwalta. Karo a gudun kilomita 50 a awa daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita 10. Idan gudun ya ninka zuwa 100, ƙarfin ba ninki biyu yake yi ba, huɗu yake yi, kamar faɗowa daga mita 40. Wanda ya taɓa leƙa allon gudu a motar da ta baro Bauchi da sassafe tana son ta kai Kano ta dawo a yini ɗaya, tsakanin Ningi da Birnin Kudu, ya san 100 ɗin ma sau da yawa an bar ta a baya, alhali iyakar da aka yanka wa tasi da bas a babbar hanya 80 ce, a tagwayen hanya 90.

Bel yana riƙe mutum ta ƙashin ƙugu da kafaɗa, wuraren da suka fi ƙwari, ya ba jiki ɗan lokacin tsayawa tare da motar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana rage haɗarin mutuwa ga na gidan gaba da kashi 45 zuwa 50 cikin 100. Jakar iska da wasu ke taƙama da ita taimako take wa bel, ba ta maye gurbinsa. Tana fashewa da tsananin ƙarfi, wanda bai ɗaure ba kuma karo zai yi da ita tun tana kan buɗewa. Balle ma a cikin motocin da ake shigo da su bayan sun yi haɗari a Amurka a gyara su a nan, akwai waɗanda jakarsu ta riga ta fashe aka liƙe murfin aka bar cikin fayau.

Akwai wani abu da na so a ce kowane direban haya ya sani, domin ya shafi ransa ne shi kansa. Fasinjan baya da bai ɗaura bel ba, ba kansa kaɗai ya jefa a haɗari ba. A lokacin karo, jikinsa zai taho gaba kamar buhun masarar da aka cillo daga saman tirela, ya daki bayan kujerar direba, ya matse shi tsakanin bel ɗinsa da kujerar. Wani bincike da aka yi a Japan, aka wallafa a mujallar likitoci ta Lancet a 2002, ya gano cewa haɗarin mutuwar na gidan gaba da ya ɗaura bel yana ninkuwa kusan sau biyar idan na bayansa bai ɗaura ba. Ke nan direban da ya ɗaure tsaf, ya bar mutum huɗu a bayansa sake, ya yi rabin aiki ne.

To amma ta yaya mutum huɗu za su ɗaura bel uku? Nan ne maganar ta bar hannun direba.

Je ka tashar Muda Lawal ko ta Wunti a garin Bauchi ka tsaya ka kalli lodi. Golf ko Vectra, masana'anta ta yi mata wurin fasinja huɗu: ɗaya a gaba, uku a baya, kowa da bel ɗinsa. Abin da aka saba gani a ƙananan motocin da ke zirga-zirga tsakanin garuruwanmu shi ne biyu a gaba, huɗu a baya. Sharon ma haka, ana ƙara mata a kowane layi. Kuma ba direba ne ya zauna ya ƙirƙiro wannan adadi da safe ba. Tsarin tasha ne. Ɗan kamasho ya san "mota ta cika" na nufin shida, a kan shida aka yanka kuɗin kujera, a kan shida ake cire kamasho, mai mota ma a kan shida ya lissafa balas ɗin da za a kawo masa da yamma.

A yi lissafi. A ce, don misali, kujera naira 4,000 ce. Shida sun ba da 24,000. Idan aka koma huɗu, ana son a tashi da kuɗi ɗaya, dole kujera ta koma 6,000, ƙarin rabin kuɗi ke nan a kan kowane fasinja. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 a kwana ɗaya, daga baya ta kai 1,000, babu direban da zai iya shanye wannan giɓin daga aljihunsa. Direban da ya ce shi kaɗai zai ɗauki huɗu a kan 6,000, zai wuni a layi yana kallon 'yan'uwansa na tashi. Fasinjan da ke zagin direbobi a Facebook shi ne zai fara cewa an yi tsada. Mu faɗa wa kanmu gaskiya: cunkoson nan yarjejeniya ce da ba a rubuta ba tsakanin fasinja mai neman sauƙi, da tasha mai neman kamasho, da mai mota mai jiran balas. Direba shi ne kawai wanda ke riƙe da sitiyari lokacin da aka tsare motar.

Shi ya sa tsare mota a Nabordo ko a Alkaleri bai cika canza komai ba. Lodin an riga an yi shi a cikin gari, a fili, a gaban shugabannin ƙungiya. Tarar naira 2,000, da ta yi nauyi a shekarar da aka sa ta, da lita ta kai 1,000 da ƙyar ta sayi lita biyu ta mai, kujera ɗaya ta ƙari ta biya ta har da canji. Wanda yake son bel ya yi aiki a motar haya, ƙofar tasha zai nufa. Reshen ƙungiyar direbobi ta NURTW ko ta masu motoci ta RTEAN da ke iya hana mota lodi saboda ba ta yanki tikitin rana ba, zai iya hana ta fita da mutum biyu a gidan gaba. Sai dai dole a yi shi a tashoshi duka lokaci ɗaya, a kuma hana masu tsince a bakin hanya cin gajiyar, in ba haka ba an hukunta mai bin doka ne kawai.

Mai mota shi ne wanda ya fi kowa ɓuya a wannan zance. Ɗaga shimfiɗar kujerar baya a tasi goma ka gani. A mafi yawa, makullan bel sun nutse ƙarƙashin kujera tun ranar da mai ɗinki ya sa sabuwar riga, bai ma bar musu huda ba. A wasu, bel ya cije ba ya jawuwa, don na'urar da ke ɗame shi lokacin karo ta riga ta tashi a wani tsohon haɗari. Wasu kuma an yanke shi an ɗaure but da shi. Direban da ke aikin balas ba zai cire kuɗin cefanensa ya gyara bel a motar da ba tasa ba. Wannan aikin mai mota ne, kuma aikin jami'an duba lafiyar motoci, wato VIO, ne su ƙi ba da takardar shaidar lafiya ga motar hayar da bel ɗinta na baya ba ya aiki. Dubawar ba ta buƙatar na'ura: a ja shi a hankali ya biyo, a fizge shi ya cije, a sa a makulli a ji ƙas.

Direbobin da ake kira ta manhajar waya, irin su Bolt da inDrive, lissafinsu daban ne. Uber ta shigo Legas a 2014, Bolt ta biyo baya a 2016 da tsohon sunanta Taxify, sannu a hankali harkar ta gangaro manyan garuruwan Arewa. Wanda ya ɗauki fasinja ɗaya ko biyu daga Fadaman Mada zuwa filin jirgin Durum ba shi da uzurin cunkoso. Kujeru sun wadata, bel na nan. Abin da ke ɗaure masa baki shi ne tauraro. Fasinja na ba shi maki bayan an sauka, idan makin ya yi ƙasa aiki zai ragu, ko a rufe masa manhajar. Saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, mai yiwuwa da digirinsa a aljihu, zai waiga ya ce wa sa'ar mahaifiyarsa, "Hajiya, a taimaka a ɗaura bel"? A tarbiyyarmu ma da nauyi, balle ga tsoron a rage masa maki. Kamfanonin sun rubuta a ƙa'idojinsu cewa a bi dokar hanya, amma suna ɗaukar direba a matsayin mai zaman kansa, su cire kasonsu a kowace tafiya, tara kuwa tasa ce shi kaɗai. Abin da ya dace su yi a bayyane yake: direban da ya soke tafiya saboda fasinja ya ƙi bel kada a rage masa komai, saƙon tunatarwa kuma ya fito a wayar fasinja daga kamfani, don kada ya zama yaro ne ke gaya wa babba.

Na lura cewa direbobin da suka iya zancen ba sa kawo maganar mutuwa. Cewa suke, "Ranka ya daɗe, akwai jami'ai a gaba, kada su ɓata maka lokaci." Yana aiki, ko da yake yana ƙara dasa tunanin cewa don hukuma ake yi.

Su direbobin manhaja ne kuma suke da hujja mafi ƙarfi ta ƙin ɗaurawa. An sha kai wa direbobin manhaja hari a Abuja da Legas da Fatakwal, a kira su da dare a ƙwace mota, wasu har a rasa rai. Direban da ya ɗauki baƙi biyu ƙarfe goma na dare, ɗaya zaune daidai bayansa, idan ya ce bel zai iya zama igiyar shaƙe shi, ba shirme ya faɗa ba. Amma ban ga hikimar kwaso sassaucin Birtaniya a kawo nan ba. Tasin Landan yawancin aikinta cikin cunkoson gari ne a hankali. Namu yana iya sauke fasinja a unguwar Gidan Mai yanzu, anjima a ɗauke shi shata zuwa Azare ko Gombe. Mugun fasinja abu ne na jefi-jefi, rami da tayar da ta sha rana da babbar motar da ta mutu a kwana ba alama kuwa na kullum ne. Maganin fashi yana wajen tantance fasinja da bin sawun mota, cire bel bai hana mai wuƙa komai ba.

Sauran uzurorin ba su kai wannan ba, amma ɗaya na da gaskiya a ciki. Wanda ya ci farar shadda ranar Juma'a, ya sha guga da sitaci, ya shiga tasi lokacin hunturu, ya ɗaura bel ɗin da rabonsa da ruwa tun a Kwatano, zai sauka da jan layi daga kafaɗa zuwa ƙugu. Wannan ba taurin kan fasinja ba ne, ƙazantar mota ce, kuma sabulu da tsumma sun isa. Masu cewa bel zai hana su fita idan wuta ta tashi sun manta cewa sai mutum na cikin hayyacinsa yake buɗe ƙofa, wanda kansa ya daki gilashi ya suma ba ya fita ko'ina. Masu ganin gara mota ta yi jifa da su waje kuwa, alƙaluman Amurka na nuna cewa a munanan haɗurra, fiye da kashi 70 cikin 100 na waɗanda aka cillo waje gaba ɗaya ba sa tashi. Mai juna biyu ma ana so ta ɗaura, sai dai na ƙasan ya bi ta ƙarƙashin ciki a kan ƙugu, kada ya hau kan cikin.

Sai kuma "abin da Allah ya rubuta ba makawa." Gaskiya ne, babu Musulmin da ke ja. Amma duk ɗalibin islamiyya ya san umarnin da aka ba mai raƙumi cewa ya ɗaure sannan ya yi tawakkali, kuma shi direban da ke faɗin haka bai taɓa barin motarsa a buɗe a Muda Lawal ya ce ƙaddara za ta tsare ta ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na 1993 a Burunai, ta yanke cewa bin dokokin hanya da ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne, kuma direba na ɗaukar alhakin ɓarnar da sakacinsa ya jawo. A fiƙihu, kisan kuskure na da diyya da kaffarar azumin wata biyu a jere. A jihar Bauchi da ke aiki da shari'a tun 2001, wannan ya kamata ya fi tarar 2,000 nauyi a zuciyar wanda ya san ya cusa mutum a wurin da babu bel. Yadda muka saba, iyalan mamaci kan ce sun yafe, sun bar wa Allah. Halin kirki ne, amma yana nufin mai motar da ya ƙi gyara da tashar da ta yi lodin ba su taɓa jin komai a aljihunsu ba.

Fasinja babba ma ba za a wanke shi ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila, a shari'ar Froom da Butcher ta 1975, ta kafa ƙa'idar cewa wanda ya ji rauni bai ɗaura bel ba za a rage masa diyya: kashi 25 idan bel zai hana raunin gaba ɗaya, kashi 15 idan zai rage shi kawai. Ma'anar ita ce laifin haddasa haɗari daban, laifin barin kai sake daban. Ina ganin ya dace dokarmu ta fito fili ta raba haka a bakin hanya ma. Idan bel na nan, yana aiki, direba ya yi magana, baligi ya ƙi, a rubuta masa tasa takardar da sunansa. Idan babu bel ko an cusa mutum fiye da kujera, a bi mai mota da tashar da ta sallami motar.

Inda direba ba shi da wanda zai jingina wa laifi shi ne kansa da yara. Nasa bel ɗin a hannunsa yake, kuma dabarar kulle shi ta bayan kujera ko cusa guntun ƙarfe a makulli don ƙarar gargaɗi ta yi shiru, babu kamasho ko balas da ya tilasta masa. Yara kuwa, kujerar jarirai da ƙa'ida ta ambata kusan babu ita a motocin hayarmu, kuma ba na tsammanin za a gan ta nan kusa. Amma ko babu ita, akwai abin da ba ya cin ko sisi: kada a bar uwa mai goyo ko mai yaro a cinya ta zauna a gidan gaba. A karo mai gudun 50 kacal, yaro mai kilo 10 yana fizgar hannun mai riƙe da shi da ƙarfin ɗaruruwan kilo, babu uwar da za ta iya riƙe shi. Idan kuma aka haɗa uwa da ɗa a bel ɗaya, nauyinta ne zai matse shi. Ɗan kamasho kan tura mai yaro gaba da niyyar kyautatawa, don ta ɗan sami sarari. Direba na da cikakken ikon cewa, "A'a, Hajiya ta koma baya, wannan bawan Allah ya dawo gaba," kuma kuɗin lodinsa ba zai ragu da ko naira ɗaya ba.